Lawali, Ƙirjin Ƙanenka Ya Fara Bugawa

Shekara huɗu ke nan, a daminar bana, da gulbi ya ci Lawali, ɗan yayana Ummaru, yana da shekara goma sha shida. Ni ce goggonsa, a bayana ya yi wayo. Da so samu ne, addu'a za ni yi masa in ja bakina kamar kowace shekara. Bana shirun ya gagare ni, don ƙanensa Murtala ya kai shekarun da Lawali ya bari, kuma ya fara dafe ƙirji yadda wansa ke yi.

Lawali ba rago ba ne, wannan ko a gaban wa za ni faɗa. Yaro ne mai kokawa da tsokana, wanda ke shiga ɗakina ya sha furata ya ce kyanwa ce. Ranar da 'yan bindiga sunka shigo ƙauyenmu, nan kusa da Gatawa, da rana tsaka bisa babura, yana gona. Ya kwanta a cikin kunyar gero, ya ji duk abin da anka yi wa maƙwabtanmu. Da yamma ya dawo ko ƙwarzane babu, munka yi ta hamdala. Ashe fata kaɗai munka duba.

Daga ranar, in babur ya wuce sai tafin hannunsa ya jiƙe sharkaf, bakinsa ya bushe, cikinsa ya murɗa ya ruga bayan gida. Daga baya ma ba sai babur ya wuce ba. Yana zaune lafiya lau, sai numfashi ya sarƙe masa, in ka aza hannu a ƙirjinsa ka ji kamar ana daka. Tuwo loma biyu ya ture. Mai kemis ya ce taifot ne, ya yi allura, da bai ji sauƙi ba ya ce olsa. Kakarsa ta ce iska ce, anka yi hayaƙi har idon yaro ya yi ja. Kowa da ciwon da ya gano, babu wanda ya tambayi mai jikin.

Uban kuwa kunya ce ta kama shi. Mu Gobirawa kun san halinmu, Gobir gidan faɗa, ɗanka ya mutu a tsaye ya fi maka a ce ya razana. Ummaru ya kan ce masa: "Kai, shafa tsagen da ke ga fuskarka! Kakanninka a Alkalawa da mashi sunka kwana, kai ƙarar babur ta sa ka zawo?" Kuma muna da wata dabara da munka gada: in jaki ya yi tirjiya a wani wuri, jan sa ake yi a maido shi wurin har ya saba. Haka muke wa yaro. Maganin tsoro, in ji mu, a koma inda anka ji shi. Sai Ummaru ya riƙa tura Lawali gonar nan ta bakin gulbi, shi kaɗai, don ya zama namiji.

Wata safiya kafin ya tafi ya tsaya bakin ƙofata, hauya a kafaɗa, ya ce: "Goggo, wallahi na san babur ɗin mai gishiri ne in ya wuce. Ni na sani. Jikina ne bai sani ba." Na ce ya yi ta addu'a, zai wuce. Abin da na sani ke nan a lokacin.

Ba a daɗe ba mai gishirin nan ya bi ta hanyar gona da babur ɗinsa, kamar yadda ya saba. Waɗanda ke noma kusa sun ga Lawali ya yar da hauya ya zabura. Sun yi ta kiran sunansa, bai waiwayo ba. Gulbi a cike yake maƙil, ya faɗa. Washegari anka tsamo shi a cikin ciyawar bakin ruwa.

Sai bayan rasuwarsa, da na je Sakkwato kan hawan jinina, na ba wata likita labarin. Ta ce in mutum ya ga mutuwa, jiki na sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya gudu, su tura jini ƙafafu, su tsai da aikin ciki, don a tsere. Wannan rahama ce. Amma matashi, sashen ƙwaƙwalwarsa da ke cewa "ya isa, hatsari ya wuce" bai gama ƙosawa ba, sai jikin ya zauna cikin shirin gudu ba hutu. Ta ce ciwo ne mai suna, ana maganinsa, ana koya wa yaro numfashi, a saurare shi, a kusanto da shi abin tsoron sannu a hankali da wani a gefensa. Wayyo Allah! A gefensa ta ce. Mu kuwa shi kaɗai munka tura.

Ina koyarwa a wata firamare a Isa. Da Lawali zai leƙo ajina yau, da ya ga 'yan'uwansa birjik. Iska ta buga ƙyaure, rabin aji na ƙarƙashin benci. Manyan cikinsu, masu tasowa, kullum ciwon ciki da ciwon kai, kullum taifot. Ina jin ba zai yi mamakin 'yan bindiga ba. Mu zai kalla, ya ce har yanzu ba ku gane ba?

Makon jiya na je gida na iske ruwa ya sauka, Ummaru na wasa hauya biyu. Yayana ba mugu ba ne. Rumbu ya yi ƙasa, in ba a yi noma ba yunwa za ta yi abin da bindiga ba ta yi ba. Na durƙusa na ce: "Yaya, don girman Allah kar ka kai Murtala bakin gulbi. Jiya na ga yana haki a zaune." Ya ce: "Ke Hadiza, Lawali kwanansa ne ya ƙare. In bar gida ba namiji?" Na yi kuka har muryata ta dushe, bai ɗago kai ba.

Muna cikin haka babur ya wuce bayan katanga. Murtala da ke tsaye gefe ya daskare, ya dafe ƙirji. Na juya ga uban, sai na ga kwanon furar da ya ɗauka zai sha yana rawa a hannunsa, har ta zube masa a riga. Ya yi maza ya aje kwanon ya cusa hannun cikin aljihu, amma yaron ya riga ya gani. 

Lawali bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, hotonsa ma ɗaya ne kuma ya dushe. Maganar nan tasa ta bakin ƙofa ce kaɗai ta rage, ita na maimaita wa ubansa, wanda bai taɓa jin ta ba. Na ƙara masa da abin da likitar Sakkwato ta ce. Can ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba: "Tafi da shi wajen likitar ga."

Ya jingine hauya ɗaya a bango, ya saɓa ɗayar, ya nufi bakin gulbi shi kaɗai. Murtala na nan wurina a Isa, yau ya ci tuwo. Ni ce yanzu na kasa ci, duk babur ɗin da ya wuce sai na tuna wanda ke gonar.

Allah Ya jiƙan Lawali, Ya tsare mana ubansa.