Mai Jera Takalma a Ƙofar Masallacinmu

Autanmu ya haura shekara talatin, amma kalmomin bakinshi ba su wuce goma ba, rabinsu kuma sunan abinci ne. Haka aka haife shi. Tun rasuwar Baba, ni yayarshi nake riƙe da shi, shi da Inna, a gidanmu na Ƙofar Durbi. Da safe in tafi koyarwa a firamare, in dawo in tarar da su.

Aiki ɗaya gare shi a duniya, kuma ba wanda ya sa shi. Da an kira salla zai fita masallacin bakin layinmu, ya tsuguna a ƙofa har a tada kabbara. Sai ya bi takalman mutane, ya haɗa kowane da ɗan'uwanshi, ya juya su suna kallon titi, yadda in ka fito sai dai ka zura ƙafa. Bai taɓa haɗa na wani da na wani ba. Ni da nake koyar da lissafi, in ka zube mani silifa iri ɗaya haka, wallahi sai dai in zauna in yi kuka.

Abin da ba ya so shi ne a taɓa shi. In aka riƙe shi ba zato sai ya birkice, ya yi ta ihu yana buga kai da bango. Mu a gida mun san maganin abin. A ja baya, a yi shiru, a ajiye takalmi a hargitse a gabanshi. Zai yi ta haki yana kallo, can ya miƙa hannu ya gyara, shi ke nan ya dawo. Tsohon ladaninmu ya san wannan, shi ke sa mana ido a kanshi. To, shekarar da tsufa ya kwantar da ladani abin ya faru.

An yi ɗaurin aure bayan azahar, baƙi cike da layi. Wani baƙo ya riga kowa fitowa, ya ga ƙato riƙe da takalminshi, bai tambayi kowa ba ya shaƙe mashi wuyan riga ya kira ɓarawo. Kafin 'yan unguwa su ratso, autanmu ya gantsara wa mutumin cizo a hannu. Maƙwabciyarmu ce ta shigo ta faɗa mani, na zari hijabi na fita.

Na tarar 'yan sintiri sun ɗaure mashi hannu ta baya, goshinshi yana jini. Kowa ya zama likita: wannan na tofi, wancan na cewa a watsa mashi ruwa, wani na neman lambar 'yan sanda. Na cire takalmina na ajiye a gabanshi, ɗaya a kife. Ya daina ihun. Ya tsura masu ido, kafaɗunshi suna motsi, yana son ya gyara ga hannu a ɗaure. Har yau in na tuna wannan sai zuciyata ta tafasa.

Na ce da shugaban 'yan sintirin, "Ku kwance shi."

Ya ce, "Malama, ɓarna zai yi."

Na ce, "Malam, wadda kuka yi ta ishe mu. Kwance shi."

Aka kwance. Ya haɗa takalman, ya juya su wajen ƙafata, na saka muka taho gida.

Bayan kwana biyu mai unguwa ya aiko kirana. Mutumin kirki ne, tare suka tashi da Baba, shi ya sa maganar ta fi yi mani ciwo. Bayan mun gama gaisawa ya ce, "Ɗiyata, mutane sun tsorata. Wasu na cewa a kai shi gidan mari." Gidan mari fa, inda ake sa wa mutum sarƙa a ƙafa, shi da ko hannun Inna ba ya jurewa a jikinshi. Na ce, "Baba, shekara nawa yana jera maku takalma, wa ya taɓa ciza?" Daga baya ya ce in kawo wani daga hukuma ya yi wa jama'a bayani, ya bar lambar da za a kira in abin ya sake tashi. In an samu haka, autanmu ya ci gaba da zuwa masallaci. Kafin nan ya zauna a gida.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, ashe ni ce sakara. A asibiti likita ya ce wannan ba taɓin hankali ba ne, ba nasu ba ne, amma in ya birkice mu kawo shi a yi mashi allurar barci. Na ce yaya zan kawo mutumin da ba a taɓawa? Ya ce in kira na gaba in na fita. Wata ƙungiya ta ba ni kati mai lambar gaggawa, na kira har na haddace muryar matar da ke cewa a kashe take.

Sai wani ofis na masu buƙata ta musamman. Sau huɗu ina hawa Napep kafin in samu mai kujerar a kan kujerarshi. Ya saurare ni tsaf, ya miƙo fom. Ga gurbin makaho, ga na kurma, ga na gurgu, ga na kuturu. Na ce wanne zan cike? Ya ce ai su ta hannun sarakuna suke aiki, akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu.

Ya ce, "Hajiya, su irin ƙanen naki, wane ne sarkinsu?"

Na ce, "Yallaɓai, ni ce. Ga ni na zo."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya ce in bar lambata.

Yau wata bakwai ke nan. Rannan na biyo ta masallaci bayan la'asar, na ga mai unguwa da takalmi ƙafa ɗaya yana tona tarin silifa da sanda. Ya ɗago ya ce, "Ɗiyata, ina mutumin namu? Har yanzu ba a samu na hukumar ba?" Na ce ana nan ana nema, na wuce da sauri don kada bakina ya ja mani abin kunya.

A gida kuwa, da an kira salla autanmu zai tashi ya nufi zaure, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ba ya ihu. Sai ya dawo ya tattara takalmanmu, nawa da na Inna da nashi, ya jera su suna kallon waje, ya tsuguna yana jira. Sau biyar a rana. Ni da na tsaya gaban maza na ce a kwance shi, makullin yana ɗaure a bakin zanina.