Yatsa na shida

Jiya na dawo daga kai niƙa, na tarar da 'yata Hajara, 'yar shekara shida, ta ɗaure cindonta da zare har ya kumbura.

Ashe a makaranta aka ce kowa ya ɗora hannunsa a takarda ya zagaye da fensir. Littafi ya gagare mu bana, a takardar buhun siminti ta yi nata. Ta fitar da yatsunta shida, yadda Allah ya halicce ta. Malamin ko ɗaga kai bai yi ba, ya soke ɗaya da jan biro.

Na ce, "Ke, wa ya sa ki wannan aika-aika?"

Ta ce, "Umma, Malam ya ce hannun ba daidai ba ne. So nake cindon ya faɗi in samu maki."

Wurin mahaifiyata ta gado cindon nan!

Na san aji ya cika, rayuwa ta yi tsada. Amma duban hannun yarinya ma tsada ya yi?

Gobe tare za mu je makarantar, malamin ya ƙirga da idonsa. Ko na yi laifi, jama'a?