Zakaran da Ya Yi Ritaya a Bayan Uke

Ana sallame sallar asuba muka bar Apo, mu uku, a cikin wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura ta. Ni ne a gaba a matsayin dattijon tafiya. Maƙwabciyata tana baya, 'yar asalin Filato ce, mijinta ya rasu. Ƙanin marigayin ne ke tuƙi.

Ya kamata in fara da dalili, domin na yi aikin adana takardu har na yi ritaya, kuma ba na son labarin da ba shi da kai. Ɗan maƙwabciyar tawa na fari bakanike ne a nan Apo. Bara ya haɗu da wasu mabiya addinin Hindu, ya aske kansa ya bar zanko a ƙeya, ya daina cin nama, daga bisani ya tare a gonarsu da ke bayan Uke. Ƙanwarsa za ta yi aure, kuma tun da uba ba ya nan, shi ne zai riƙe hannunta ya miƙa ta a coci. Ya aiko cewa ba zai zo ba sai malaminsa, wanda suke kira guru, ya ba shi izini. Wannan izinin muka tafi nema.

Gangaren Kugbo mun wuce shi lafiya. Daga Nyanya zuwa Mararaba kuwa, abin da na gani bai cancanci a kira shi tuƙi ba. Layi biyu ya zama biyar, 'yan acaɓa suna ratsawa ta inda ko akuya za ta yi shawara kafin ta bi, kwandasta yana rataye a ƙofa yana zagin wanda ya girmi ubansa. Na sauke gilashi na yi wa wani direba bayanin dokar hanya. Ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya shiga gabanmu.

A Masaka na ce a tsaya, domin ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Maƙwabciyata ta nuna ayaba da lemo. Na ce wannan tsarabar asibiti ce. Na zaɓi wani jan zakara mai ƙirji. Mai kajin ya faɗi kuɗin da ya sa na cire tabarau, ya ce, "Oga, dala ce ta tashi." Na tambaye shi ko dala yake watsa wa kajin da safe.

"Alhaji," in ji maƙwabciyata, "mutanen nan fa ba sa cin nama."

"Madam, mabiya ne ba sa ci. Na tsufa a aikin gwamnati, ban taɓa ganin dokar da ta hau kan ƙaramin ma'aikaci ta kuma hau kan oga ba."

Aka ɗaure ƙafafun zakara aka ajiye shi kusa da ita.

Bayan Uke muka bar kwalta muka bi jar hanya ta cikin gonakin doya da rogo. Kafin mu ga gini mun ji ganga, da ƙarar wasu ƙananan faya-fayan tagulla da ake gwarawa. Na zaci Indiyawa zan tarar. Duk 'yan ƙasa ne, maza cikin mayafi ruwan goro, kowa da zanen farar ƙasa daga goshi zuwa karan hanci. A bakin ƙofa ake cire takalmi, kuma an jera su tsaf. Wannan na yaba.

Ban shiga ɗakin bautarsu ba, tun da ba addinina ba ne. Na zauna a gindin mangwaro inda nake hango ciki. Mutum ɗaya ne ke bayar da waƙa, sauran suna amshi, kuma waƙar ba ta wuce 'yan sunayen abin bautarsu ba, ana maimaitawa a hankali, sai a ƙara sauri, har manyan mutane masu furfura suka ɗaga hannu suna tsalle. Da aka tashi, kowa ya sa hannu a wata 'yar jaka da ke rataye a wuyansa, yatsa manuniya a waje, yana jan carbin itace yana motsa baki. An gaya mini kowa yana da adadin da zai cika kullum, tun kafin alfijir, bayan wanka da ruwan sanyi. Ba goro, ba shayi, ba albasa, ba tafarnuwa. Shanunsu kuwa kowace da sunanta, kuma akwai wata tsohuwa da ta daina ba da nono tuntuni, amma tana yawo da furanni a wuya kamar amarya. A nan ne na fara duban zakarana da wani ido.

Gurun dattijo ne siriri, ya yi zama a Kaduna, Hausarsa garau. Duk mabiyin da ya zo gabansa sai ya miƙe ruf da ciki. Ni dai na yi sallama a tsaye, na gabatar da kaina da muƙamin da na bari, na yi jawabi a kan haƙƙin iyaye, sannan na ajiye zakara a gabansa.

"Wannan na mene ne, Alhaji?"

"Na farfesu ne, ranka ya daɗe."

 Hatta masu jan carbi sai da suka tsaya. Ɗan maƙwabciyata, wanda aka kira ya durƙusa a gefe, ya ɗago da jajayen idanu.

"Mama, kin gani? Abin da kuka kawo wa malamina ke nan? Ba inda zan je."

Uwar ta rufe fuska da gyale. Ba ta dube ni ba, kuma da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Dattijon ya sunkuya ya kwance igiyar da hannunsa, ya murza wa zakara ƙafafu. "Alhaji, rabona da nama tun kafin a haifi wannan mai zankon. Dokar daga kaina take farawa." Sai ya juya ga matashin. "Kai kuma, da ransa suka kawo shi, mene ne na fushi? Wadda ta haife ka ita ce malamarka ta farko, ni na biyu ne. Ga ta nan tana kuka a gidana."

"Za a yanka saniya a bikin," in ji matashin.

"An ce da kai ka ci? Ɗauki tukunyarka ka dafa naka. Carbinka kuma ai don tafiya aka yi masa jaka." Ya dube ni. "Zakaran ya zama nawa?"

"Naka ne."

"To, tsufa ne zai kashe shi."

Ba su bari mun tafi da yunwa ba. Shinkafa ce da miyar wake da kabewa, da wani zaƙi na madara. An ce mai dafawa ba ya ɗanɗanawa sai an fara miƙa abincin a ɗakin bauta, tsarin da na ɗauka sakaci ne har na kai loma baki. Na nemi ƙari, ina so a shaida. Da azahar ta yi, ban roƙa ba aka kawo mini ruwa da tabarma.

Mun dawo mu huɗu, da tukunya a but ɗin motar. Matashin ne ya tura motar. A cunkoson Mararaba yana ta wuridinsa ƙasa-ƙasa, uwar tana riƙe da ɗaya hannun, har na kama baffansa yana buga sitiyari daidai da amshin. Mun iso Apo kafin magariba, amarya ta fito da gudu ba takalmi.

Abin da na koyo shi ne akwai wuri ɗaya a bayan Uke inda doka take hawa kan oga kafin yaransa. Maganar da na yi a Masaka na janye ta a kan wannan wurin kaɗai, sauran ƙasar tana nan daram. Zakara kuwa, an ce shi ke tashin su wankan asuba. Yana da abinci da makwanci har ƙarshen ransa, kuma babu mai sa shi bin layi kowace shekara ya tabbatar wa hukuma cewa bai mutu ba. Ni da na saye shi, nawa layin na fansho yana nan wata mai zuwa.