Gefen Tsamiya

Akwai wani marmaro a bayan wani ƙauye cikin ƙasar Shagari, ruwansa da ɗumi ko da sassafe. Masu ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayi ke zuwa wanka. Tun muna yara muke jin cewa a zamanin yaƙe-yaƙe nan ake kawo waɗanda aka harba, a zare musu kibiya ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin ruwan, a jefa ƙarfen ciki. Shi ya sa har yau ba a shiga ta gefen tsamiya, sai a zagaya ta kan dutse.

Ni tela ne a Bodinga, kuma gaggawa halina ce. Shekarar da gwiwoyin Inna, mahaifiyata, suka matsa mata, na kai ta can a babur. Ɗinkin mutane na jirana a shago, ga mata sun cika kan dutse. Na ce mata zancen kibiya labarin tsofaffi ne kawai.

"Ɗan nan, ba a shiga ta nan," in ji ta. Na ja hannunta muka shiga ta gefen tsamiyar.

Ba ta yi ƙara ba. Zama kawai ta yi cikin ruwan, na ga ja yana tasowa. Da na lalubo ƙafarta, sai na zaro wani baƙin ƙarfe mai tsini, tsatsa ta cinye shi. Matan suka matso suna kallo. Wata ta ce a hankali wai dafin kibiyar mutanen dauri ba ya mutuwa.

A hanyar asibiti na yi ta tambayarta ko harshenta ya yi nauyi, ko tana ganin duhu. Ta ce in kula da tuƙi. Ma'aikacin da ya wanke raunin ya yi mata allura, ya ce wataƙila guntun fartanya ne. Wataƙilar nan ba ta kwantar mini da hankali ba.

Ƙafar ta kumbura. Na ɗaura mata zaren ɗinki a ƙwauri, kullum ina dubawa ko kumburin ya haye shi. Na kasa cin abinci. Bai haye ba, amma har yau tana jan ƙafar.

Da ta samu sauƙi na durƙusa na roƙi gafararta.

"Tun cikin ruwan na yafe maka," ta ce. "Na ji tsoron in mutu ban faɗa ba."