Ƙululu a Gwiwar Mai Tayil

Tun yana saurayi Mai Tayil a durƙushe yake neman abincinsa. Masu gidaje da yawa ƙeyarsa kawai suka sani, don duk sanda suka shigo duba aiki yana ƙasa, yana bubbuga tayil da gudumar roba. Mutum ne da ko a gidan biki ya ga tayil ya ɗago, abincin ba zai yi masa daɗi ba.

Wata rana ya zame a matakalar bene, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Aka yi masa tiyata, aka dasa wata jijiyar, aka kafe ta da ƙusa. Ya warke, ya koma aiki, har ya manta.

Kwatsam sai ga ƙululu a ƙasan gwiwar, kamar ƙwan zabo, daidai inda yake dafa ƙasa. Ya taɓa, ya ji laushi. To shi a sana'arsa, abin da ya ɗago danne shi ake yi. Bawan Allah ya samo gutsuren tayil ya ɗora a kai, ya ɗaure tamau da roba.

"Baban yara, ƙafar ma tayil za ka shimfiɗa mata?" in ji matarsa.

"Ke dai bari ya kwanta."

Ina! Ƙululu ya ƙara girma, ya yi jawur, durƙuso ya gagara.

Dole matarsa ta raka shi asibiti. Likita ya duba hoton gwiwar ya ce aikin farko lafiya lau yake. Ƙusar ce irin mai narkewa a jiki, garin narkewa ta tara ruwa a ramin ƙashi, ruwan ya yi jaka.

Kan Mai Tayil ya ɗaure. "Likita, ƙusa ce ta narke? Da gangan?"

"Da gangan."

"Kuma aikin bai lalace ba?"

"Ko kaɗan."

"Amma za a sake yanka ni."

"Za a cire jakar, a cike ramin."

Ya juya maganar ta ko'ina, ta ƙi zama. Aiki lafiya lau, kuma a fasa shi? Ya haƙura, ya tambayi abin da ya kawo shi.

"Zan iya durƙusawa?"

"Za ka yi tafiya garau. Har gudu."

"Durƙuso nake tambaya, likita."

Likita ya ɗan juya biro a hannu. "Wannan sai mun gani."

Ya fito ya zauna a bencin baranda. Matarsa sai hamdala take yi, wai har gudu. Shi kuwa ya rasa abin da zai yi da gudu. Babu mai gidan da ya taɓa kiransa aikin da ake yi a tsaye.