Ranar da Mama ta ware mini kwano

A shekarata ta biyu a jami'a a birnin Guangzhou na ƙasar Sin na faɗa soyayya, irin wadda na taso ina karantawa a littattafan haya na kasuwa. Wani saurayi ne ɗan Jos, mai sarin takalma. Sati uku ya yi a garin. Mun sha shayi sau huɗu a wani shago a titin Huanshi Lu, ya ce idanuna sun fi fitilun titin haske, sannan ya hau jirgi da alkawarin zai dawo kafin ruwa ya sauka.

Ni kuwa sai na zauna jira, kamar jiran sana'a ce.

Mu Kiristoci masu jin Hausa ba mu da yawa a can. Duk Lahadi bayan sujada muna haɗuwa a ɗakin wata dattijuwa 'yar Zariya a unguwar Sanyuanli, mai haɗa wa 'yan kasuwa kaya. Kowa Mama yake ce mata. Ƙa'idar ɗakin ba ta da wuya: tuƙin tuwo bi da bi ne, kuma a tire ɗaya ake ci. Shinkafa tana ko'ina, kuka da daddawa kuwa alhazan Kano ne ke kawo mata tsaraba.

Sau uku girki yana zagayowa kaina ban tuƙa ba. Sai an kwashe nake isowa, in sa hannu a tire, ina ba su labarinsa wanda sun riga sun haddace. Aji ma na daina zuwa. Ɗakunan ƙawaye nake bi, in kwanta a gadonsu ina duba waya, in ci abin da na tarar.

A wata Lahadi na shigo na wanke hannu, sai Mama ta zuba tuwo a ɗan kwano, ta ajiye a kujerar bakin taga.

"Ga naki can, ɗiyata."

Wata ƙawata 'yar Maraɗi ta ce, "Ai gaskiya ne, laoban ba ta ci da ma'aikata." Laoban shi ne abin da ake kiran mai shago a can. Aka yi dariya kaɗan.

Na zauna a bakin taga. A duk garin nan tiren ne kaɗai wurin da nake jin ina gida.

"Mama, me na yi? Ban zagi kowa ba, ban ɗauki kayan kowa ba."

Ta tashi daga tabarma tun ba ta kai loma ba, ta jawo bokiti ta kife, ta zauna kusa da ni.

"Masu bi na farko sun yi irinki," in ji ta. "Sun ji Ubangiji zai dawo, sai waɗansu suka ajiye aiki, suka zauna jira, suna bin gidaje suna cin gumin 'yan'uwa. Manzanni suka kira wannan rashin ɗa'a. Ba sai kin yi faɗa ko ashar ba. Kin ga sojoji a sahu? Idan ɗaya ya fita, gurbinsa sai na kusa da shi ya tare. Tuwonki uku wannan mai bakin ce ta tuƙa."

Ƙawata ta sunkuyar da kai tana murza loma.

"Su da suke jiran Ubangiji ma an ce su koma aiki, balle ke mai jiran mai takalma," in ji Mama.

Na yi dariya da hawaye a fuskata. Na ce, "To ke me ya taso ki daga tiren?"

"An koya mana a ja baya da mutum don ya ji kunya. Ba a koya mana a mai da shi maƙiyi ba. Ci, kada ya huce."

Na ci, tana kallona. Kafin in gama an cinye tiren har da rabonta, ba ta ko waiwaya ba. Wannan ya fi ware kwanon yi mini zafi.

Ranar Litinin na koma aji. Da Lahadi ta zagayo na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da sassafe, na riga kowa isa Sanyuanli. Muciya kawai Mama ta miƙo mini. Na tuƙa har kafaɗata ta yi tsami, duk da haka tuwon ya yi ruwa, ya ƙi mulmuluwa.

"Wannan tuwo ne ko kunu?" in ji 'yar Maraɗi. "A kawo ludayi!"

"A hakan za ki sha shi," in ji Mama. Ta matsa gefe, ta buga tabarma da tafin hannu. "Zo nan, ɗiyata."

Ruwa ya sauka a shekarar, mai takalma bai dawo ba. Na yi kukana na 'yan littafi, na share. Har yau in na ɗora tukunyar tuwo, ba shi nake tunawa ba. Mama nake gani a kan kifaffen bokiti, hannunta a wanke, tana jira in ƙoshi.