A Sa Shi Ƙarshe

Baba Tafinta ake ce masa a gidan rediyon. Tun gashinsa na baƙi yake zaune a lungun nan kusa da injin buga takarda, fanka na kaɗa masa zafi, yana juya labaran Turanci zuwa Hausa don mai karantawa ta shiga da su da tsakar rana. Mutum ne mai mitar tsiya. In ka zauna kusa da shi ka shiga uku, sai ya ba ka tarihin kalma ɗaya har shayinka ya huce.

"Dubi wannan recover ɗin," yakan ce yana ƙwanƙwasa takarda da biro. "Mara lafiya ya farfaɗo, ita ce. An ƙwato motar sata, ita ce. Kasuwa ta miƙe, ita ce. An tsamo gawa, ita ce dai. Kalma ko kunya babu!"

Dariyar ofis ta ɗauke a makon da ramin haƙar ma'adinai ya rufta da ma'aikata. Ɗansa na fari, mai gyaran injin zuƙe ruwa, yana cikinsu. Edita ya ce ya je gida ya huta, ya ce atafau, nan labari ke fara sauka. Haka ya riƙa rubuta "masu aikin ceto na ci gaba da tono" da hannunsa, matarsa kuwa na gida ita kaɗai, ga hawan jini, ga rediyo a cinya.

Ran nan da hantsi injin ya fito da takarda, edita ya karanta. Baba Tafinta ya miƙa hannu. An dakatar da aikin ceto. Manyan motoci za su shiga, kuma kalmar nan tasa na zaune a layi na biyu. Bai buƙaci kowa ya gaya masa wace fuska ta zo da ita ba.

"Baba, kawo wani ya yi," in ji edita.

"Wa? Su yi mini ɗanyen aiki a kan ɗana?"

Ya rubuta tsaf, ba kwana-kwana: ba a sa ran samun kowa da rai. Ya ɗiga aya. Ya dubi agogon bango, saura kaɗan a shiga labarai.

"Alfarma ɗaya. A sa shi ƙarshe. Kada uwarsa ta ji a bakin akwatin rediyo."

Edita ya fara inda-inda, wai babban labari shi ke buɗe shiri, doka ce. Mai karantawa ta fizge takardar ta cusa a ƙasan sauran. "Je ka, Baba. Zan ja karatun iya ja, in sun ga dama su kore ni."

Maganar buga waya ba ta taso ba. Da matarsa ta ji muryarsa za ta gane, kuma ba mai tare ta in ta faɗi. Ya tsayar da tasi. Ba su yi nisa ba suka afka cunkoso, direba kuwa, Allah ya shirye shi, ya murɗa rediyo. Kiɗan buɗe labarai ya tashi. Baba Tafinta ya sauka ya kama gudu, tsoho da gwiwa mai ciwo, takalmi na fita yana komawa.

Titin gaba ɗaya tasha ɗaya yake ji. A shagon aski ana labarin farashin taki. Wajen mai faci ana na taron likitoci. Yarinyar nan mai karantawa tana ja, baiwar Allah, tana numfashi tsakanin kalma da kalma kamar mai koyon karatu. Shi ya san jerin, shi ya rubuta, kuma tsoro ya cika shi don ya san abin da ya rage ba yawa. Da ya sha kwanar layinsu an shiga wasanni.

Ya dafa ƙofar gida yana haki. Daga tsakar gida ya ji ƙarar cokali a tukunya, da muryar mai karantawa ta yi ƙasa: "Daga ƙarshe, hukumomi sun ce..."

"Maman yara!" ya ƙwala. "Kashe! Ga ni nan!"

Cokalin ya tsaya. Rediyon bai tsaya ba. Yana kokawa da sakata, jimlarsa ta riga shi shiga, kalma bayan kalma, yadda ya tsara ta don kowa ya gane da ji ɗaya.